Kilo uku ba talatin ba ne

Shekarata goma sha biyu ina faci a bakin hanyar da ta fita Maradi ta nufi Ɗan Isa da Jibiya, kuma babu kuskuren da ke ci mini rai kamar na masu ɗauka bar 3 shi ne psi 30 a ma'aunin iskar taya. Kwanan baya wani Alhaji ya tsaya da ƙaramar motarsa, ya ce wa yarona: "Kai, sa mini kilo uku." Na ce, "Alhaji, wa ya ce maka uku?" Ya ce a Katsina talatin ake sa masa. Na buɗe ƙofar direba na nuna masa ƴar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi: bar 2,2 aka rubuta. Da mun biye masa, da ya hau kwalta mai zafi da psi 43 da rabi, motar na tsalle kamar akuya, tsakiyar taya na cinyewa.

Abin da ke kawo ruɗanin, mu nan muna tsakanin ma'auni biyu. Motocin Turai da aka shigo da su ta Kwatano bar suke ɗauke da shi, direbobin Najeriya da motocin Amurka kuwa psi suka sani. Psi yana nufin fam nawa iska ke dannawa a kan inci ɗaya murabba'i. Bar kuma kusan nauyin kilo ɗaya ne a kan santimita ɗaya murabba'i, shi ya sa muke ce masa kilo.

Lambar da za ka riƙe ita ce 14,5. Bar 1 daidai yake da psi 14,5. In bar ne a hannunka kana son psi, ka ninka shi da 14,5. Ni da ka nake yi, don hannuna duk baƙin mai ne, ba na iya taɓa waya: in ninka da 15, sannan in cire rabin lambar farko. Ɗauki 2,2 ɗin Alhaji: sau 15 ya ba da 33, cire 1,1, saura 31,9, wato 32. Kada ka yi ƙyuyar cire rabin nan, musamman a manyan motoci. Tayar tirela mai bar 8 psi 116 take sha, ba 120 ba.

Komawa baya kuwa rabawa ake yi: psi 35 in ka raba da 14,5 zai ba ka bar 2,4. Wasu motocin wani ma'auni ne suke rubutawa, kPa, wannan ba wuya, kPa 100 shi ne bar 1, ke nan 220 shi ne 2,2.

Yawancin geji layi biyu ne a fuskarsa, ɗaya psi ɗaya bar. Ka sa yatsa a kan layin da kake karantawa kafin ka dubi allura. Lambar da ke jikin tayar kanta, irin su psi 44, iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake sawa ba.

Ka riƙa aunawa da safe kafin mota ta yi tafiya. A zafin watan Afrilu, motar da ta taso daga Tasawa za ta iso nan da ƙarin iska a geji, sai direba ya ce a sace masa. Ba na sacewa. Nakan ba shi benci a inuwar dogon yaro, tayar ta huce tukuna mu auna.