Idan kuna zargin yaronku ba ya ji sosai, ga yadda za ku bi

Maganar da ta fi cutar da yara masu matsalar ji a wajenmu ita ce "ku ƙyale shi, nauyin baki ne, ai babansa ma sai da ya girma sannan ya fara magana". Wani lokacin nauyin bakin ne da gaske, amma sau da yawa yaron ba ya ji ne, kuma da kunne ake koyon magana, abin da yaro bai taɓa ji ba ta ina zai faɗe shi? Shekaru ukun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi ɗaukar harshe, in aka bari suka wuce ana jiran bakin ya buɗe da kansa to ko an sa masa na'urar ji daga baya aikin ya ninka. Shi ya sa likitocin kunne suke da ƙa'idar 1-3-6, wato a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimaka masa kafin wata 6. Mu a nan galibin asibitoci ba sa yi wa jarirai wannan gwajin kafin sallama, ga haihuwar gida, don haka nauyin lura yana kan iyaye ne.

Akwai yaran da bai kamata ma a jira wata alama ba, kawai a kai su gwaji. Jaririn da ya yi shawara mai tsanani har ido da jiki suka yi ɗorawa, bakwaini, wanda ya daɗe bai yi kuka ba bayan haihuwa, wanda a danginsu akwai kurame musamman in auren zumunci ne, da yaron da ya tashi daga ƙyanda ko hangum. Sai wanda aka daɗe ana yi masa allurar janta, don ita gentamicin da 'yan uwanta irin streptomycin suna iya lalata ji har abada, kinin ma yana taɓa kunne, kuma kun san yadda wasu masu kemis ke dirka wa yara allura babu awo.

Sanƙarau kuwa na ware shi daban, tunda muna cikin yankin da yake ɓarkewa duk lokacin zafi. Duk yaron da ya warke daga sanƙarau a gwada jinsa da zarar an sallame shi, cikin 'yan makonni, kar a ce sai ya murmure ya yi ƙiba. Dalili shi ne cutar tana iya sa ƙashi ya fara tsirowa a cikin katantanwar kunne, wannan ɗan murɗaɗɗen ɓangaren na can ciki da ke mai da sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma in ta toshe da ƙashi ko an samu kuɗin tiyatar dashen na'urar ji daga baya siririyar wayar da ake zurawa cikinta ba za ta shiga yadda ake so ba.

A gida abin da za ki lura da shi, ke uwa tunda ke ce da shi a baya kullum, jariri kafin wata 3 yana zabura in ƙofa ta buga da ƙarfi, wajen wata 6 yana waiwayowa inda murya take, tsakanin wata 6 zuwa 9 sai ya fara gwalantun nan na ba-ba-ba da ma-ma-ma, a shekara ɗaya ko da 'yan watanni ya fara kalma ɗai-ɗai, a shekara 2 yana haɗa kalma biyu. Ki sani fa jariri kurma ma yana dariya yana kuka yana 'yan sautukansa, abin da ke faruwa shi ne gwalantun baya ci gaba, sai ki ga ya yi shiru. Kuma gwajin nan na buga murfin tukunya a bayansa ba abin dogaro ba ne, yana iya ganin inuwarki ko ya ji iskar hannunki ko girgizar ƙasa ya juyo, sannan yaron da jinsa ya ragu rabi zai ji ƙarar kwano sarai amma ba ya jin kalmomi. In babba ne ɗan makaranta, alamun su ne ƙure ƙarar talabijin, yawan cewa "na'am?", kallon bakin mai magana, da malami ya riƙa cewa ba ya mai da hankali.

To ina za a je? Sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti, wanda kowa ke kira ENT. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa wadda aikinta kenan kacokan, sai asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na ABU da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ku tambaya tun kafin ku taso ko injin gwajin jarirai yana aiki, kar a sha kuɗin mota a banza. Ku tafi da katin asibiti da sunayen magungunan da yaron ya sha.

Likita zai fara leƙa kunnen da 'yar fitila, kuma a nan ma wasu matsalarsu ke ƙarewa, dauɗar kunne ce ta toshe, ko ƙwayar wake da yaro ya cusa, ko ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ko kunnen yana zubar da mugunya dodon ya huje. Waɗannan duk ana maganinsu, wasu da wanki, wasu da magani, wasu da 'yar tiyata. Abin da ba a so shi ne sakace da tsinken ashana ko gashin kaza ko audugar nan mai tsinke, tura dauɗar suke yi ciki, haka ɗiga man ja ko ruwan ganye a kunnen da ke ruwa.

Bayan nan sai gwaji. Na jarirai akwai OAE, ɗan abu ne mai laushi ake sawa a kunne, minti kaɗan an gama, ba zafi. In bai ci gwajin ba kar hankalinku ya tashi tukuna, ruwan haihuwa da ya rage a kunne ma yana jawo haka, za a maimaita. In ya sake faɗuwa sai ABR, ana manna masa 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne a ga ko sautin yana isa ƙwaƙwalwa, kuma sai yana barci ake yi, don haka dabara ita ce a hana shi barci a hanya, a ɗan jinkirta nono sai an shiga ɗakin a ba shi ya ƙoshi ya ɓingire. Manyan yara da manya kuma ana sa musu abin kunne a ɗaki mara hayaniya, in ka ji ɗan sauti ka ɗaga hannu. Takardar sakamakon sunanta odiyogram, ku karɓi kwafi ku ɗauke ta a waya. Da desibel ake awo, a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da 20 lafiya lau, 20 zuwa 34 raguwa kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaiciya, daga 65 ta yi tsanani, daga 80 kuwa ko ihu da ƙyar.

In matsalar ta can cikin katantanwar kunne ce ba ƙwaya ko allurar da ke dawo da jin, duk mai tallan maganin kurumta a lasifika kuɗinku kawai yake so. Abin da ke aiki na'urar ji ce, kuma a nan ake yawan tafka asara, a sayo ta kasuwa ko ta intanet ko wani ya yo tsarabarta daga Saudiyya ba tare da gwaji ba. Kamar tabarau ne na likita, na wani ba ya yi maka. Ta gaske da kwamfuta ake saita ta daidai da odiyogram ɗin mutum, ta kasuwa kuwa komai take ƙarawa, ƙarar babur da janareta da magana duk ɗaya, har tana iya ƙarasa ɗan jin da ya rage. Ga yara wadda ake ratayawa a bayan kunne ta fi, da robar da ake auna kunnen a zuba daidai shi, kuma robar sai an riƙa canjawa saboda kunnen yana girma, in kun ji na'urar tana fito kullum to yawanci robar ce ta yi sako-sako. In kunne biyu ne suka samu matsala biyu ake sawa.

Kula da ita ba wuya sai dai naci. A cire kafin wanka da alwala, da dare a buɗe murfin batir a ajiye ta cikin gwangwani mai murfi da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima, musamman da damina, da hunturu kuma ƙura ce ke toshe ta sai a goge da busasshen ƙyalle. Batiran lamba gare su, 10, 312, 13 da 675, ku san lambar taku ku sayi da ɗan yawa don ba kowane shago ke da su ba, in an ɓare takardar da ke manne a jiki a jira kamar minti ɗaya kafin a sa, kuma a ɓoye su daga yara domin haɗiye batir ɗin nan haɗari ne babba, asibiti ake nufa nan take. Yaro zai yi ta fizge ta a makonnin farko, a ɗaura mata zare a maƙale a riga, a mayar, a sake mayarwa, burin shi ne duk lokacin da idonsa biyu tana kunnensa. Sannan a yi ta yi masa surutu ana fuskantarsa, ana wanke-wanke ana faɗa masa sunan komai, na'ura sauti kawai take kaiwa, maganar ku ne za ku koya masa.

In raguwar ta yi tsanani sosai, an gwada na'ura wata da watanni babu canji, sai a fara zancen dashe. Tiyata ce, ana sa wani ɓangare a ƙarƙashin fatar bayan kunne a zura siririyar waya cikin katantanwar, ɗayan ɓangaren yana waje yana mannewa da maganaɗisu, ita wannan ba ƙara sauti take yi ba, jijiyar ji take taɓawa kai tsaye. Kafin aiki ana hoton CT da MRI da rigakafin sanƙarau, kuma ba a kunna ta sai bayan makonni kaɗan da ciwon ya warke. A Amurka a 2020 aka amince a yi wa jariri daga wata 9. Ta fi amfani ga ƙananan yara da kuma wanda ya iya magana kafin ya kurumce. Kuɗinta miliyoyi ne masu yawa, kuma kafin ku sayar da gona ku tambayi abin da ke biyo baya, waye zai riƙa saita ta, a wane gari, nawa ne waya da batir in sun lalace, akwai mai koyar da magana kusa da ku? Dashen da ba a bi shi da saiti da horo ba kusan asarar kuɗi ne.

Ko da na'ura ko babu, ku koyi maganar hannu ku duka gidan, ba ta hana yaro magana da baki kamar yadda ake tsoro, kuma ya kamata ya samu hanyar cewa yana jin yunwa ko wani ya dake shi tun yanzu. Makarantun kurame irin ta Tudun Maliki a Kano suna nan, manyan kurame na unguwa ma malamai ne in an neme su.

Wannan kuma na manya ne. In mutum ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke ɗif, ko da ƙugi ko jiri, kar ya ce sanyi ne ko dauɗa, ya ga likitan ENT a ranar ko washegari, don maganin da ake bayarwa ya fi aiki a cikin mako biyun farko.