Mu da muka haura 40, a duba tukunya

Salamu alaikum 'yan uwa. Na lura da abu ɗaya a kaina, duk watan da aljihu ya bushe ko raina ya ɓaci sai in koma shayi mai sukari cokali uku da burodi, da rana fanke, da dare kuma tuwo in cika ciki kawai. Ashe damuwa ce ke jawo kwaɗayin zaƙi da maiƙo, ga rashin barci, ga hawan jini na leƙo mu a wannan shekarun.

Abin da nake yi yanzu a nan Garwa ta Kamaru, ranar da kuɗi suka shigo kafin su gudu nake sayen wake, gyaɗa da busasshen kifin tafkin Lagdo in ajiye, zogale da yakuwa kuwa ai ba sa cin sefa da yawa, mu dai mun raina su ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya kenan, kuma Maggi ma gishiri ne fa, Hajiya a rage hannu, a ƙara daddawa.

In rai ya ɓaci kar ki ci ke kaɗai, kira maƙwabciya ku zauna kwano ɗaya.