Yadda ake ɗibar jinin yaro mai limoniya don auna aikin ƙwayoyin gado

Idan limoniya ta kama yaro, fararen ƙwayoyin jininsa kan kunna wasu ƙwayoyin gado, su kashe wasu, gwargwadon cutar da ta shige shi. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna saƙon ƙwayar gado mai suna IFI44L na hauhawa idan bairos ne, na wata mai suna FAM89A kuma idan bakteriya ce. Abin da ake aunawa shi ne RNA, wato saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan tana aiki, shi kuwa da jini ya bar jijiya yake fara lalacewa. Saboda haka tun a bakin gado ake gyara aikin ko a ɓata shi.

Da farko a sami amincewar iyaye a rubuce, bayan kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ya ba da izini. An fi so a ɗibi jinin kafin allurar farko ta maganin bakteriya, amma yaron da iskar jininsa ta yi ƙasa da kashi 90 ba a jinkirta masa magani ko oksijin saboda bincike. A yi masa magani, a rubuta lokacin.

Kwalbar PAXgene na ɗauke da ruwan da ke tsayar da RNA, tana cin jini mil 2.5. A yi amfani da allura mai fikafikai, a riƙe kwalbar tsaye ƙasa da hannun yaron don kada ruwan ya koma jijiya. In akwai wasu kwalaben gwaji, ita ake cikawa daga ƙarshe. In ita kaɗai za a ɗiba, a fara da wata kwalbar da za a zubar, domin iskar cikin siririn tiyon tana rage awon jinin. Nan take a juya ta sama da ƙasa sau 8 zuwa 10. Rashin juyawa na kashe samfur, don jinin da bai gauraya da ruwan ba RNA ɗinsa ci gaba yake da ruɓewa.

Daga nan kwalbar za ta tsaya aƙalla awa 2 a ma'aunin zafi digiri 18 zuwa 25 na Celsius har ƙwayoyin su fashe. A nan Sakkwato ke da tata matsala. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura 40, kuma ɗakin da aka ɗauke wa wuta ba ya cikin wannan awo ko kusa. A nemi ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko akwatin sanyi mai ma'auni a ciki. Firji mai sanyin 2 zuwa 8 zai riƙe ta kwana 5. In ajiya mai tsawo ce, sai ta yi awa 24 a firizar -20 kafin a mayar da ita -80, a kan ragar waya, domin mazaunin soso na sa kwalba tsagewa.

A haɗa da ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin zazzaɓin cizon sauro da na sikila. Maleriya na motsa ƙwayoyin gadon garkuwar jiki, sai a ɗora wa huhu abin da ba nasa ba. Mai sikila kuwa jininsa cike yake da saƙon globin (furotin na jajayen ƙwayoyin jini), wanda kan danne sauran in ba a rage shi ba kafin a auna RNA.

Ranar tace RNA, a bar kwalbar ta narke kimanin awa 2 a ma'aunin zafi 18 zuwa 25. Yawancin ɗakunan gwaji na neman makin RIN (awon ingancin RNA) 7 zuwa sama kafin su karɓi samfur.