Darasi na 9: Mai Baƙin Ido a Jikin Danga

Ranar Asabar wata dattijuwa cikin ɗalibanmu ta zo aji da 'yan ledojin iri guda biyu, ƙulle a haɓar zanenta. Ɗanta ne ya sayo mata a wajen masu sayar da furanni a cikin Kano. Ta kwance ta ajiye a kan tabarma, ta ce, "Malama, duba mini. Duk hoton fure ne ruwan ɗorawa mai baƙi a tsakiya. Anya yaron nan bai sayi abu ɗaya sau biyu ba?"

Na ce, "Inna, ai ke za ki duba mana. Wane harafi ne a farkon wannan kalmar?"

Ta kai ledar kusa da ido, ta bi da yatsa. Ta farko T ce, ta biyu R. Muka haɗa baƙaƙen tare a allo: Thunbergia da Rudbeckia. Turawa suna kiran su da suna ɗaya, wato Suzan mai baƙin ido, amma ko dangi ba su haɗa ba. Wanda bai karanta leda ba sai ya shuka wannan yana jiran wancan.

Mai harafin R ɗan Amurka ne, dangin furen da ake tatsar mai daga irinsa, mai kallon rana. Jihar Merilan ta ɗauke shi furen jiha tun 1918. A tsaye yake fitowa, yakan kai gwiwa ko ƙugu, ganyensa da gashi-gashi mai kaushi. Akwai ruwan ɗorawa, akwai ja mai duhu kamar zoɓo, akwai mai haɗa ruwan goro da ruwan ƙasa, har da wanda idonsa kore ne. Sai dai yana da wani hali irin na dawarmu ta gida. Kun san ko da wuri aka shuka kaura, ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta. To shi akasin haka yake so, dogon yini. A Merilan yini yakan kai kusan awa 15 a watan Yuni, mu kuwa nan Kano da Jigawa ba ya kai awa 13. Don haka sau da yawa sai ya yi ta ganye a ƙasa, fure kaɗan ko babu. Wadda ta samu irinsa ta gwada a tukunya ɗaya. Irin ƙanana ne ƙwarai, a barbaɗa a saman ƙasa a danna da tafin hannu, kada a binne, don sai da haske yake tsira.

Mai harafin T shi ne namu. Asalinsa gabashin Afirka ne, kuma yaɗo yake yi kamar soso. Ganyensa mai tsini ne kamar kan mashi. Furen yana da kunnuwa biyar, faɗinsa bai wuce yatsu uku ba, a tsakiya kuma wani ɗan rami mai duhu kamar an ɗiga tawada. In kuka leƙa da kyau za ku ga duhun ba baƙi ƙirin ba ne, yana da ɗan ja-ja a ciki. Wanda aka fi samu ruwan goro ne. Akwai ruwan ɗorawa, da fari fat, da mai kalar man shanu, da ruwan hoda, da ja kamar jar ƙasa. Ni dai farin ya fi burge ni a jikin katangar ƙasa, don baƙin idon ya fi fitowa. A jikin dangar kara kuwa ruwan ɗorawa ɓacewa yake yi, gara ruwan goro.

Ku zaɓi gindin danga ko zana inda hantsi ke bugawa, inuwa kuma ta rufe shi bayan azahar. In wurin yana kusa da inda ake alwala, kun huta da rabin ban ruwa. Ruwan wanki da na wanke-wanke mai sabulu kam, a kai shi wani wuri.

Ƙasarmu ta jigawa ba ta riƙe ruwa. A haƙa rami zurfin kamu ɗaya, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki kwano biyu, a mayar. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Kuma kada a cika taki, in ya yi yawa ganye za ku samu jingim, fure kuwa sai an nema.

Irin ya yi kamar ƙwayar masoro, kuma yana da tauri. A jiƙa shi a kofi ya kwana. Da safe a shuka biyu-biyu, zurfin rabin gaɓar yatsa, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Lokacin da ya fi shi ne in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Tsirowa takan ɗauki kwana 10 zuwa 20, don haka kada wata ta tone ta ce irin ya mutu. Kafin ya fito a kafa kara ko a ɗaura igiya zuwa saman danga, a kuma kewaye da ƙaya. Akuya ba ta san ado ba, kaza kuma ramin da aka jiƙa take nema. Cikin wata biyu zuwa uku za ku ga fure.

Inna ta sake tambaya, "To in farin nake so shi kaɗai fa, Malama?"

Nan ne mutane ke shan mamaki. In launuka suna kusa da juna, ƙwari suna kai garin fure daga wannan zuwa wancan, sai irin da kika tara daga fari ya haifo ruwan goro. Mai son launi ya tsaya yadda yake, reshe za ta yanka. A yanko mai tsawon taƙi ɗaya daga ƙasan gaɓa, a cire ganyen ƙasa, a tsoma a kwalbar ruwa a inuwa, ana sauya ruwan bayan kwana biyu. In saiwa ta fito fara-fara sai a dasa da yamma. Mai tara iri kuma ta ɗaura ɗan ƙyalle a kan kwanson tun bai bushe ba, don in ya bushe fashewa yake yi ya watsar da 'ya'yan. Duk wanda ya fito inda ba a so, a cire shi tun yana ƙarami, in ba haka ba zai hau kan zogale ya danne.

Da hunturu, in kuka ga ganye ya yi ɗigo-ɗigo ya koɗe, ku juya bayansa. Za ku ga wasu 'yan ƙwari jajaye kamar ƙura. A wanke bayan ganyen da ruwa da sassafe, ko a fesa ruwan da aka jiƙa dakakken ganyen darbejiya.

Aikin gida: kowa ta rubuta launuka uku na wannan fure a littafinta. Sannan ta rubuta ranar da ta shuka da lambobi, ta ƙirga kwana 20 gaba, ta rubuta wannan ranar a ƙasa. Ku zo da littafin ranar Asabar.