Kurakuran da ake yi wajen sayen kyamara, da yadda za ka kauce musu

Kwanakin baya wani yaro ɗan unguwarmu ya yi sallama a situdiyona da kwali a hammata. Ya gama sakandare, yana son sana'ar hoto, wansa da ke aiki a Abuja ya turo masa kuɗin jari. Ya ce, "Yaya, ga shi na sayo, a duba mini." An rangaɗa 4K da megafiksel 48, wato alƙaluman da ake tallar kaifin bidiyo da na hoto da su, a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, sunan kamfanin kuwa ban taɓa jin sa ba. Na ɗaga kyamarar, ba ta fi sabulun wanka nauyi ba. Muka fita ƙofar shago, na ɗauki mai lemon da ke tsallaken titi, muka buɗe hoton a kwamfuta. Fuskar mutumin ta dame kamar koko. Wayar da ke aljihun yaron ta fi wannan kyamara nesa ba kusa ba. Ya yi shiru, ni ma raina ya sosu, don da ya fara zuwa wurina, da ɗan ciko kaɗan ya mallaki kyamarar gaske ta hannu.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, Canon da Nikon da Sony wanne ya fi? Kuskuren farko yana cikin tambayar kanta. Duk ukun suna yin kaya masu kyau, haka ma Fujifilm da Panasonic. In aka jera maka hotunan biki guda goma da gwanaye suka ɗauka, ba za ka iya rantsewa wanne ya fito daga wace kyamara ba. Abin da ya kamata ka sani shi ne, ranar da ka biya kuɗin kyamara, gida ka shiga da danginsa duka, kuma fita tana da tsada.

Ga dalili. Kowane kamfani yana da nasa bakin da ake ɗaura lens, wato gilashin gaban nan da ake cirewa a mayar. Nikon ya fito da bakin F tun 1959, Canon ya kawo EF a 1987, Sony ya kawo E a 2010. A 2018 Canon da Nikon suka buɗe sabon babi da kyamarori marasa madubi, wato waɗanda babu madubin nan na ciki da ke kai hoto wurin leƙawa, Canon da bakin RF, Nikon da bakin Z. Lens ɗin wani gida ba ya hawa kyamarar wani sai da adafta, wani lokaci ma ko da adaftar aikin ba ya tafiya daidai. Gangar kyamara tana tsufa, bayan shekara huɗu ko biyar ka ji kana son wata, amma lens mai kyau yakan yi shekara ashirin yana ciyar da kai. Saboda haka kafin ka tsayar da kamfani, zauna ka rubuta lens biyu ko uku da aikinka zai buƙata nan da shekara biyu, ka tambayi kuɗinsu a kowane gida, sababbi da na hannu. Sau da yawa lissafin nan kaɗai ya isa ya raba maka gardama.

Ko a cikin gida ɗaya akwai tarko. Lens ɗin Canon mai alamar EF-S ba ya ɗauruwa a 5D ko 6D. Ƙananan Nikon irin D3200 da D3300 da D5300 ba su da injin juya lens a jikinsu, don haka tsohon 50mm f/1.8D mai araha zai hau, amma fokas sai da hannu. Wanda aka rubuta wa AF-S shi ne nasu. Kada mai shago ya ce maka "ai duk ɗaya ne". Ɗaura, ka gwada a gabansa.

Kuskuren da ya fi cin mutane a ƙasarmu, a ganina, shi ne zaɓe ta hanyar kallon bidiyon wani Bature da ke zaune a inda ake kawo masa batir har ƙofar gida washegari. Kai a Gusau kake, ko Azare, ko Maraɗi. Zagaya ka ga me masu hoton garinku suke riƙewa. In batirinka ya mutu ana tsakar ɗaurin aure, wa zai ara maka? In kana buƙatar dogon lens na kwana ɗaya don hawan sallah, a wurin wa za ka yi haya? In kyamarar ta faɗi, akwai mai gyaran da ya san cikinta, ko sai an aika Legas a yi wata guda ana jira? Batirin Canon samfurin LP-E6 yana aiki a 60D da 70D da 80D da 6D da 7D da 5D Mark II har zuwa Mark IV, kamar yadda EN-EL15 yake yawo a tsakanin Nikon da dama. Irin wannan abu ba ya fitowa a talla, amma shi ke fitar da kai kunya ranar aiki. Ina ƙaunar launin da Fujifilm ke bayarwa, kuma ban hana kowa saye ba, sai dai ka fara tabbatar da inda za ka sami caja da batir.

Ka kuma guji gidan da aka riga aka rufe. Samsung ya daina yin kyamarorinsa na NX, Nikon ya tsayar da jerin Nikon 1, Canon ya naɗe tabarmar EOS M. Suna nan a kasuwar kayan hannu da araha mai jan hankali, hotonsu kuma ba laifi, amma kamfanonin da suka ƙera su sun daina fitar musu da sabon lens. Olympus daban ne: ya sayar da sashen kyamararsa, ana ci gaba da yin su da sunan OM System, kuma bakin lens ɗinsu ɗaya ne da na Panasonic Lumix masu ƙaramar sensa.

Sai maganar megafiksel, wato miliyoyin ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, wadda ta ci kuɗin yaron nan. Hoton da za a wanke a girman inci 8 da 10, mai kaifi sosai, megafiksel 7 da ɗoriya yake buƙata. Bidiyon 4K kansa bai wuce megafiksel 8 da kaɗan ba a kowane hoto. Sony a7S III, wadda masu fim ke biyan miliyoyin naira su saya, megafiksel 12 gare ta. Abin dubawa shi ne girman sensa, farantin nan da ke karɓar haske a ciki. Babbar sensa tana da milimita 36 da 24, matsakaiciya da ake kira APS-C kimanin 23 da 15, ta irin kyamarar kwalin nan kuwa ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Faifai mai faɗi ya fi murfin kwalba tarar ruwan sama, haka sensa take da haske. Ga mai farawa, APS-C mai megafiksel 18 zuwa 24 ta wadatar.

Wasu kuma sukan zuba duk jarinsu a gangar kyamara, su tsaya da lens ɗin 18-55 da ya zo da ita. Da rana a waje ba ka da matsala. Amma aikinmu yawancinsa a ɗakin amarya ne, da zauren dina mai fitilu ja da shuɗi, da tsakar gida bayan magariba an ɗauke wuta. In ka zuƙo wannan lens ɗin zuwa ƙarshe, ƙofar haskensa f/5.6 ce, kuma iya girman lambar nan, iya ƙanƙantar ƙofar. Ɗan ƙaramin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kowane gida, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan, ya kuma narkar da bayan hoto yadda amare ke so. Gara tsohuwar ganga da lens mai kyau da filas, da sabuwar ganga tsirara. Wajen filas ɗin ma a lura: Canon 4000D da 250D ba su da ƙarfen tsakiya a mazaunin filas, don haka ba kowane filas na wani kamfani ke tashi a kansu ba.

Mai niyyar bidiyo yana da nasa tambayoyin. Yawancin kyamarori masu madubi suna yanke ɗauka kafin cikar minti 30, abin da zai wahalar da mai ɗaukar tafsiri ko taron siyasa. Nikon D3400 da D3500 da Canon 2000D ba su da ramin makirfo. Ga kuma zafi: akasarin kamfanoni suna rubuta cewa kayansu na aiki ne tsakanin digiri 0 da 40, alhali Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna haura 40 a watan Afrilu. Tambayi wanda ya yi aiki da samfurin a bazara, ba wanda ya karanta labarinsa ba.

Akwai abin da ba na iya yin shiru a kansa. Shekarun baya na ɗauki kamun wata amarya da kyamara mai ramin memori ɗaya, da katin da na saya da araha a bakin hanya. Na dawo gida, kwamfuta ta ƙi buɗe shi. Na kai wurin mutum biyu, abin da aka ceto bai kai kwata ba. Uwar amarya ta kira ni ta ce, "Malam, hotunan kamun fa? Dangin babanta na jira." Na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo, don ba a sake kamu. In da kuɗin mutane za ka riƙa aiki, nemi mai rami biyu da ke rubuta hoto a kati biyu lokaci guda, irin Nikon D7200 da D750, ko Canon 5D Mark III, ko Sony a7 III. In ƙarfinka bai kai ba, sayi katunan asali ƙanana guda uku ko huɗu, ka canza kati bayan kowane zama.

Yaron nan ya yi wata biyu yana riƙe mini fitila a wuraren biki, ya tara abin da ya tara, muka tafi tare wurin mai sayar da kayan hannu. Ta farko da aka miƙo mana tana sheƙi kamar sabuwa. Na cire lens, na haska fitilar waya ta bayansa, sai ga zare-zare fari kamar saƙar gizo a cikin gilashin. Fumfuna ce, ta kayan da suka daɗe a wuri mai laima, kuma yaɗuwa take yi. Muka mayar. Ta biyu Canon 60D ce, fentin gefenta ya ɗan goge. Na haɗa ta da kwamfuta don ganin sau nawa ta ɗauki hoto, tunda kamar mota take, tana da nata awon tafiya. Irinta an ƙiyasta mata dubu ɗari, wannan ba ta kai rabi ba. Na rufe ƙofar haske zuwa f/22 na ɗauki farin bango, ɗigo uku na ƙurar hunturu suka fito, irin waɗanda gogewa ke fitarwa. Muka danna kowane maɓalli, muka juya allon, muka ɗauki bidiyon minti goma muna taɓa jikinta.

Na ce, "Alhaji, a rubuta mana lambar jikinta a rasit, da sunan shago, a kuma ba mu kwana uku na gwaji." Ya ɗan yi jim, sannan ya yarda. Lambar nan ita ce shaidarka in wata rana aka ce kayan sata ne. Muka ɗauki 60D ɗin, ba don Canon ya fi sauran ba, sai don batirinta ɗaya da nawa, kuma shaguna biyu a layinmu suna da lens ɗin da zai ara. Ragowar kuɗin ya sayi 50mm da kati biyu. Ranar Asabar ɗin da ta biyo baya ya ɗauki sunan 'yar maƙwabcinsu, ya kawo mini hoton kakar jaririyar a bakin ƙofar ɗaki, hasken safiya a gefen fuskarta, har zanen kalangun da ke kuncinta ana iya ƙirgawa.