Yadda Ake Zama da Kumburin Dubura Mai Tafiya Yana Dawowa

A Katsina da Daura, duk jinin da ya fito ta ƙasa sunansa basir. Mai lasifika a tasha ya faɗa, mai kemis ya ƙara, maƙwabci ya kawo saiwa. A haka masu kumburin dubura da yawa suke yin shekaru suna shan jiƙe-jiƙe, jini na raguwa a jikinsu, alhali ciwonsu yana da magani sananne.

Dubura a nan ana nufin ƙarshen babban hanji, mai tsawon santimita 12 zuwa 15, inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita. Idan fatar cikinta ta kumbura ta saluɓe, likitoci na kiran ciwon furoktaitis. Nau'in da ya fi daɗewa a jiki shi ne wanda garkuwar jikin mutum ke far wa fatar hanjinsa. Ba a ɗaukarsa daga wani, ba ƙazanta ke kawo shi ba. Yana lafawa ya tashi, don haka aikin shi ne a kwantar da shi, sannan a hana shi tashi.

Mataki na 1: A tabbatar da ciwon

Jinin basir ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama, galibi ba majina. Na kumburin dubura daban yake. Mutum zai ji matsuwa ya ruga ban ɗaki, ya tsuguna ya yi ta nishi, abin da zai fito bai wuce cokali guda na majina da jini ba, ya tashi yana jin da saura. Da sassafe abin ya fi tsananta. Wani kuma ba gudawa yake yi ba, bayan gidansa ne ke tauri a sama, ƙasa kuma na zubar da majina.

Ka nemi a tura ka wajen likitan ciki da hanji, a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya. Za a yi gwajin bayan gida, domin atini na iya yin kama da wannan ciwo sak. Za a auna yawan jini da lafiyar ƙoda. Sai kuma babban gwajin, wato leƙa hanji da siririn bututu mai kyamara, a tsinko ɗan nama kamar ƙwayar gero a duba. Ba tiyata ba ce, a ranar ake komawa gida. Da wannan gwajin ne ake kore cutar daji, musamman ga wanda ya haura shekara 45 ko yake ramewa.

Kada ka ɓoye wa likita abubuwa uku. In kana noman rani ko su a madatsun ruwa na Zobe, Jibiya, Ajiwa ko Sabke, ka faɗa, domin akwai tsargiyar hanji da ake ɗauka a ruwa, maganinta daban. In an taɓa gasa maka ƙugu da na'ura a asibiti saboda daji, ko ke saboda dajin bakin mahaifa, ku faɗa, gashin na ƙona dubura ko da bayan watanni ko shekaru. Haka ma cutar sanyi ta saduwa tana kama dubura. Kowanne da maganinsa, shi ya sa ba a fara magani da ka.

Mataki na 2: Maganin cusawa, shi ne jigon aikin

Nan mutane suke tirjewa. Sun fi son allura ko ƙwaya, suna ganin cusa magani ta dubura abin kunya ne. To amma ga nau'in da garkuwar jiki ke jawowa, maganin cusawa na mesalazin ya fi ƙwayar sha aiki, saboda yana narkewa a kan raunin kansa, ita kuwa ƙwaya kafin ta iso ƙarshen hanji kaɗan ya rage. Za ka gan shi da sunan Pentasa ko Salofalk ko Asacol. Abin da aka saba rubutawa shi ne giram 1, sau ɗaya a rana, lokacin kwanciya, na mako 4 zuwa 8.

Ka fara zagayawa in kana jin bayan gida, ka yi tsarki, ka wanke hannu da sabulu. Ka ɓare maganin, ka ɗan jiƙa shi da ruwa. Kwanta ta gefen hagu, ka miƙe ƙafar hagu, ka naɗe gwiwar dama zuwa ciki. Tura shi da yatsa a hankali har ya wuce zoben naman da ke matse baki, kamar santimita 3. Idan bai wuce zoben ba, zai zame ya dawo, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi. Ka matse, ka zauna a kwance kamar minti 15. Za ka ji kamar bayan gida ya taho. Ba shi ba ne, dubura ce mai rauni take ƙin baƙo. Daure, jin zai wuce. Ana so ya zauna aƙalla awa ɗaya, in ya kwana a ciki ya fi. A daren farko da na biyu wani ba ya iya riƙewa, kada ya karaya, riƙon na sauƙi yayin da kumburin ke sauka.

Maganin na ɓata tufafi, sai a sa tsohon wando ko a shimfiɗa tsohon zane. Kuma in ka ga fitsarinka ya koma ja-ja a masai da aka wanke da Hypo ko Jik, kada ka tsorata, haɗuwar maganin da sinadarin ce.

Sai batun zafi. Yawancin waɗannan magunguna ana so a ajiye su ƙasa da digiri 25, a Katsina kuwa Afrilu da Mayu zafi na wuce 40. Masu maiƙo a cikinsu narkewa suke yi. A sa su cikin robar da ke rufuwa gam, a ajiye a gindin randa inda ƙasa ke da danshi, ba a aljihu ko cikin mota ba. In ya yi laushi, tsoma shi da bawonsa cikin ruwan sanyi na 'yan mintoci kafin ka ɓare.

Mataki na 3: Kada ka daina don jini ya tsaya

Galibi cikin mako 2 zuwa 4 jini ke ɗaukewa. A nan ne mutum zai ce ya warke ya ajiye magani, bayan 'yan watanni ciwo ya dawo. Jini na tsayawa tun kafin fatar ciki ta gama warkewa. Bayan an kammala zagayen farko, likita kan rage zuwa dare uku a mako, misali Litinin, Laraba da Juma'a, a ci gaba a haka na dogon lokaci. Maganin ba arha ba, ba kuma kowane shago ke da shi ba, don haka ka nemi na gaba tun da sauran na mako biyu a hannu.

Idan cusawa kaɗai ba ta wadatar ba, ana ƙara mesalazin na sha. Wani maganin sha irinsa, salfasalazin, ya fi sauƙin kuɗi, amma ana haɗa shi da folik asid, yana mayar da fitsari ruwan ɗorawa, bai dace da wanda magani mai salfa irin Septrin ke ɓata wa jiki ba, kuma yana rage ƙwayoyin maniyyi har sai an daina shi; mai neman haihuwa ya sanar da likita. Wani maganin kuma, firednisolon, na kashe wutar ciwo da sauri, amma na ɗan lokaci ne, ana rage shi sannu a hankali cikin kamar mako 8. Wanda ya mayar da shi abin saya a kemis yana jawo wa kansa ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi, wanda ya yanke shi farat ɗaya kuma zai iya faɗuwa. Mai shan mesalazin a duba ƙodarsa bayan wata 3, sannan sau ɗaya a shekara. Mai juna biyu kada ta ajiye mesalazin da kanta, tashin ciwon ya fi maganin haɗari ga ciki.

Mataki na 4: Abin da za a nisanta

Magungunan ciwon jiki irin su Brufen, Cataflam da Felvin suna iya tayar da ciwon; a tsaya kan Panadol. Imodium, kodin da taramadol suna daskarar da hanji, haɗari ne lokacin da jini ke zuba. Flagyl da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa warkar da wannan nau'in. Kada a bari wanzami ya yanka komai, kada a cusa alif, bagaruwa ko tafarnuwa, kada a yi tsarki da Dettol. Idan bakin dubura na raɗaɗi, a zauna cikin baho da ruwan ɗumi zalla minti 10 zuwa 15, a tsane da tsumma mai laushi, a shafa man kaɗe ko basilin.

Mataki na 5: Ci da sha

Babu abincin da ya kawo ciwon, babu wanda zai warkar da shi, don haka kada a hana mara lafiya komai har ya rame. Lokacin da ciwo ya tashi, a rage yaji, attaruhu, tsire, kilishi, wake, dambu da kwaɗon zogale ko rama. A koma koko, kunun gyaɗa, tuwon shinkafa miyar kuɓewa, faten dankali, ƙwai da kifi, kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a rana. Fura ba laifi in an rage mata yaji, nono kuma ya fi madara sauƙin narkewa. Da ciwon ya lafa a dawo da ganye da wake ɗaya bayan ɗaya. Wanda bayan gidansa ke tauri ya yawaita ruwa, gwanda, karkashi da kuɓewa, in ba ta yi ba likita ya rubuta maganin laushi, domin taurin na hana dubura warkewa.

Zubar jini kaɗan-kaɗan na cinye jinin jiki: kasala, haki, farin ido. Ƙwayar ƙarin jini na mayar da bayan gida baƙi, ba matsala ba ce, amma kada a sha ta da shayi, yana hana jiki zuƙar ta.

Da azumi a cusa magani bayan tarawihi, a raba na sha tsakanin buɗa baki da sahur. Wanda majina ke zubo wa ba da sonsa ba ya tambayi malami hukuncin salasi a alwala, akwai sauƙi a ciki.

Mataki na 6: Rubuta, ka san lokacin gudu asibiti

Ka samu ɗan littafi. Kullum ka rubuta sau nawa ka zagaya, da jini ko babu, ka tashi da dare ko a'a. Layi ɗaya ya isa, kuma ya fi wa likita amfani a kan "da sauƙi". Ciwon gaɓɓai, jan ido mai zafi da kurajen ƙwabri masu ciwo su ma ka rubuta, suna tafiya tare da ciwon. A wasu mutane kumburin na hawa sama cikin hanji, shi ya sa ake sake leƙawa in alamomi sun canja, da kuma bayan kamar shekara 8 da farawa.

Idan bayan gida mai jini ya kai sau 6 a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya sama da 90 a minti, ko ciki ya kumbura yana ciwo, ko jiri na ɗibar ka in ka miƙe, kada a jira ranar ganin likita. A tafi sashen gaggawa a ranar, da ɗan littafin da duk kwalayen magungunan da ake sha, har da na gargajiya.