Kumburin fankiriyas: yadda ake gane shi da yadda ake kula da mai shi

Fankiriyas gaɓa ce doguwa, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a gicciye a bayan tumbi, can kusa da ƙashin baya. Kullum tana zubo ruwa fiye da lita ɗaya cikin ƙaramin hanji, ruwan da ke ɗauke da sinadaran narkar da maiƙo da nama da tsaba. Ita ce kuma ke samar da insulin da gulukagon, masu daidaita sukarin jini. Sinadaran narkarwar ba sa fara aiki sai sun isa hanji. Idan wani abu ya tashe su tun suna cikin gaɓar, sai su hau cin namanta, ta kumbura. Akwai kumburin da ke zuwa farat ɗaya, akwai kuma mai daɗewa wanda ke lalata gaɓar a hankali cikin shekaru.

Alamomin na farat ɗaya

Ciwon yana kama saman ciki, daidai ƙahon zuci, ya soke har gadon baya. Ba ya zuwa ya tafi. Cikin ƙasa da awa ɗaya yake kai matuƙa, ya tsaya haka awanni ko kwanaki. Kwanciya rigingine tana ƙara shi, shi ya sa za a ga mara lafiya ya zauna ya dunƙule, ya sunkuyo gaba. Amai yana biyo baya, amma yin aman ba ya kawo sauƙi. Sau da yawa yakan taso bayan an ci abinci mai maiƙo sosai, ko bayan an sha giya da yawa.

A nan ne mutanenmu suka fi yin asarar lokaci. Duk ciwon da ya kama saman ciki sai a ce olsa ce, a aika kemis a sayo maganin ƙwannafi, a kwana biyu ana jira. Ciwon olsa yakan lafa idan an sha maganinsa, wannan kuwa ba ya ko gezau. Ko da ma ba fankiriyas ba ce, irin wannan ciwon zai iya zama olsar da ta huda tumbi ko bugun zuciya, kuma duka ukun na asibiti ne a ranar.

Idan aka ga numfashi yana sauri, ko fitsari ya ragu ƙwarai, ko jiki ya yi sanyi da gumi, ko mutum ya fara rikicewa, ko idanu sun yi ɗorawa kamar na mai shawara tare da zazzaɓi, to ba a jiran wayewar gari. Kafin a isa asibiti kada a ba shi abinci, kada a ɗura masa jiƙo, kada kuma a ba shi diklofenak ko ibufurofen, domin jikinsa ya riga ya bushe kuma waɗannan magungunan suna iya ƙarasa ƙoda. A tattara duk magungunan da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a tafi da su.

Abin da ke jawo shi

Duwatsun matsarmama ne kan gaba. Bututun da ke sauko da ruwan matsarmama da na fankiriyas suna haɗuwa su fita ta ƙofa ɗaya cikin hanji, kamar kwata biyu masu rariya ɗaya. Ƙaramin dutse idan ya gangaro ya toshe ƙofar, ruwan fankiriyas sai ya koma baya. Ƙananan duwatsu sun fi manya haɗari, domin su ne ke iya shiga bututun. An fi samun duwatsun a mata, musamman bayan haihuwa da yawa, da masu ƙiba. Masu cutar sikila ma suna yin su tun suna ƙanana, saboda yawan fashewar jini. Don haka ba kowane ciwon ciki na mai sikila ba ne tashin ciwonsa na kullum.

Giya ce ta biyu, ko ta kwalba ko burkutu ko ogogoro, yawanci ga wanda ya shekara da shekaru yana sha sosai. Wasu sukan ɓoye wa likita saboda kunya, musamman idan 'yan uwa suna tsaye a kansu. Gara a nemi ganin likita shi kaɗai a faɗa masa gaskiya, domin maganin da kariyar gaba duk sun rataya a kan sanin sababi.

Sai kitsen jini da ake kira tiraigilisarai idan ya haura 1,000 a ma'aunin mg/dL, abin da ake gani a masu ciwon suga da ba a kula da shi. Akwai yawan kalsiyam a jini, da buguwar ciki a haɗarin babur ko kan keke ga yara, da hangum, da tsutsar ciki mai tsawo da ke kutsawa cikin bututun, da wasu magunguna irin su balfuroyet na farfaɗiya.

Yadda ake tabbatarwa

Likita yana neman biyu daga cikin abubuwa uku: ciwon da aka siffanta, gwajin jini na lifas ko amilas (sinadaran narkarwa na fankiriyas) da ya ninka iyakar lafiya sau uku ko fiye, da hoton da ya nuna kumburin. Lifas ya fi amilas inganci, domin amilas yakan sauko cikin kwana uku zuwa biyar, ga shi yawancin marasa lafiya ba sa zuwa da wuri. Girman lambar ba shi ke nuna tsananin cutar ba, saboda haka maimaita gwajin kullum ɓarnar kuɗi ce.

Kowane mara lafiya yana buƙatar sikanin ciki don neman duwatsu. Hoton CT, wanda ke nuna cikin jiki dalla-dalla, kuwa ba a gaggawa da shi, sai in ana shakkar cutar. Mutuwar naman gaɓar ba ta bayyana sosai sai bayan awa 72 zuwa 96, wanda aka yi a ranar farko yakan ɓoye gaskiyar lamarin.

Jinya a asibiti

Babu allurar da ke kashe kumburin kai tsaye. Aikin asibiti shi ne riƙe jiki har gaɓar ta huce, kuma kusan mutum huɗu cikin biyar suna warkewa cikin mako guda. A cikin ragowar ne ake samun waɗanda huhu ko ƙoda ko zagayawar jininsu ke gazawa. Idan gazawar ta wuce awa 48, cutar ta zama mai tsanani, ana kuma buƙatar ɗakin kulawa ta musamman.

Ƙarin ruwa shi ne ginshiƙi, kuma an fi son nau'in da ake kira ruwan Ringer. A da ana kwarara shi da yawa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna yin hakan yana cika huhu da ruwa ba tare da ƙarin amfani ba. Yanzu abin da ake bi shi ne a ba wanda ya bushe mililita 10 kan kowane kilo na nauyinsa a tashin farko, sannan a ci gaba da mililita 1.5 kan kowane kilo a awa, ana duba shi a kai a kai. Fitsari ne ma'auni: mai nauyin kilo 60 ya kamata ya riƙa yin aƙalla mililita 30 a awa. Mai jinya zai taimaka ƙwarai idan yana tara fitsarin a mazubi yana nuna wa nas.

Ciwon yana buƙatar magani mai ƙarfi, har da morfin, kuma babu dalilin barin mutum yana murƙususu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a bayar da shi don rigakafi, sai an ga alamar ƙwayoyin sun shiga.

Game da abinci, tsohuwar al'adar hana ci na kwanaki an bar ta. Da zarar amai ya tsaya, ko da cikin awa 24 ne, a fara da abinci mai sauƙi marar maiƙo: kunu ko koko, farar shinkafa, tuwo mai laushi da miyar kuka ba mai. Hanjin da aka bari babu abinci yana sakin ƙwayoyin cuta su ratsa zuwa gaɓar da ta ji rauni. Wanda ya kasa ci bayan kwana uku zuwa biyar, a sa masa robar abinci ta hanci.

Idan dutse ya toshe bututu har zazzaɓi da shawara suka haɗu, ana cire shi cikin gaggawa da na'urar da ake zurawa ta baki, aikin da ake kira ERCP. Idan wani sashe na gaɓar ya mutu ya ruɓe, likitoci sukan yi ƙoƙarin jinkirta taɓa shi har kusan mako huɗu don ya killace kansa, su fara da zuƙe ruwan ta bututu kafin a yi maganar tiyata. 'Yan uwa su fahimci cewa wannan jiran da gangan ne.

Abin da aka fi sakaci da shi yana zuwa ne bayan an ji sauƙi. In duwatsu ne sababi kuma cutar ba ta yi tsanani ba, a cire matsarmamar kafin a sallami mutum. Wanda ya koma gida da ita yana cewa sai ya murmure, sau da yawa yakan dawo cikin makonni da ciwo sabo, wani lokaci ya fi na farko muni. Mutum yana rayuwa lafiya lau babu matsarmama.

Mai daɗewa

A wannan, naman gaɓar yana komawa tabo, duwatsu su fito a cikin bututunta, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Giya da sigari ne manyan sababai, sai maimaituwar na farat ɗaya, sai gado. Akwai kuma nau'in da aka daɗe da sani a ƙasashe masu zafi irin su Najeriya da Yuganda da kudancin Indiya, wanda ke kama matasan da ba su taɓa shan giya ba. Matashi ramamme mai ciwon ciki tun yarinta wanda suga ya kama, ya dace a ɗauki hoton cikinsa.

Bayan ciwon da ke tashi bayan cin abinci, babbar alama ita ce bayan gida mai maiƙo, fari-fari, mai wari ƙwarai, mai yawo a kan ruwa. Wannan ba ya fitowa sai kusan kashi 90 cikin 100 na aikin gaɓar ya tafi. Mutum yana ci yana ramewa.

Maganin shi ne a mayar wa hanji sinadaran da ya rasa, a ƙwayoyi irin su Creon. Babba yakan fara da ma'aunin lifas 40,000 zuwa 50,000 a kowane babban abinci, rabin haka a ɗan abin taɓawa. Lokacin shan yana da muhimmanci kamar adadin: a haɗiya da loma ta farko, in ƙwayoyin da yawa ne a raba su cikin cin abincin. Wanda aka sha awa ɗaya kafin ci ko bayansa ya tafi a banza. Kada a tauna, kada a daka, kada a kora da shayi mai zafi, a kuma ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ba. Idan bayan gidan bai gyaru ba, likita yakan ƙara adadin ko ya haɗa da omefurazol, maganin rage tsamin tumbi, domin tsamin tumbi yana kashe sinadaran. Ya kamata a sani cewa daga jikin alade ake samo wannan magani, kuma malamai da dama sun halatta shi saboda lalura. Wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa tare da bayanin likita, maimakon ya daina sha a ɓoye.

Kada a haramta wa mara lafiya mai gaba ɗaya, domin ramar za ta ƙaru. Ya ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. A riƙa duba bitamin A da D da E da K, waɗanda sai da mai jiki ke tsotsar su, da ƙarfin ƙashi. Ga ciwo, a fara da farasitamol, a yi hattara da taramadol saboda kamuwa da shi. In bututun ya toshe ne, buɗe shi da na'ura ko tiyata ya fi tara ƙwayoyi amfani. Giya da sigari kuwa bari ne na har abada, domin sigari shi kaɗai yana hanzarta lalacewar, yana kuma ƙara haɗarin sankarar fankiriyas.

Sugan da ke biyo bayan wannan cuta yana da wuyar sha'ani. Gulukagon da ke ɗaga sukari idan ya faɗi shi ma ya ragu, don haka mai shan insulin yana iya faɗuwa ba shiri. Ya riƙa yawo da suga ko dabino a aljihu, mutanen gidansa su san alamun rawar jiki da gumi da rikicewa, kuma ya ga likitansa makonni kafin watan azumi don a duba ko zai iya ɗauka da yadda za a sauya masa allura.